Unguwa da Wasan Tashe a Birnin Kano

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kwana cikin birnin Kano a tsakiyar watan azumi ya san cewa da an sha ruwa, an idar da sallar asham, sai lungunan birnin su cika da ƙarar gwangwanaye da kiɗan ƙwarya da muryoyin yara. Wannan shi ne tashe. Mutane da yawa, har da masu ilmin zamani, sun ɗauke shi wasan yara ne kawai na neman taro da sisi, wanda ko ya ɓace ba a yi asarar kome ba. Manufar wannan lacca ita ce a nuna cewa tashe ɗan unguwa ne, ita ta haife shi, ita kuma ta raine shi, har ya zama halin da yake ciki ma'auni ne na halin da zaman unguwa yake ciki. Saboda haka za a fara da duban yadda unguwannin Kano suka kafu, da wuraren da jama'arsu ke haɗuwa kullum, sa'an nan a dubi tashe kansa, daga bisani a kawo sauye-sauyen da zamani ya zo da su. Maganar ta shafi ɗalibai masu nazarin adabi da al'adu, ta kuma shafi ma'aikatan hukuma, domin a kan teburinsu ake sa hannu a takardun filaye da na tsarin gari.

Yadda Unguwannin Kano Suka Kafu

Birnin Kano ya tsiro ne daga gindin Dutsen Dala. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa an soma ginin ganuwa a zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134. A zamanin Sarki Yaji, watau 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka iso daga ƙasar Mali, suka ƙarfafa addinin Musulunci a fada. Sarki Muhammadu Rumfa kuwa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya faɗaɗa ganuwa, ya gina gidan sarautar da ake kira Gidan Rumfa, ya kuma kafa Kasuwar Kurmi. Kasuwar nan ita ta yi ta jawo baƙi daga nesa, kowane ayari ya zo sai a ba shi wurin sauka, wurin saukar nan kuma a hankali ya zama unguwa.

Dalili ke nan da ya sa sunayen unguwannin birni suka zama tamkar littafin tarihi ga mai lura. Wasu sun sami sunansu daga asalin mutanen da suka fara zama cikinsu, kamar Tudun Nufawa, da Agadasawa, da Zangon Barebari. Ayagi mazaunin Yarabawa ce tun da daɗewa. Dandalin Turawa kuwa Larabawan Arewacin Afirka ne suka zauna cikinta, domin su aka fara kira Turawa kafin zuwan mutanen Ingila. Wasu unguwannin sana'a ce ta ba su suna, kamar Soron Ɗinki da Dukawa. Wasu kuma an san su da malanta, irin su Madabo da Kabara da Sharifai. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Kano cikin 1851, ya ƙiyasta mazaunan birnin sun kai 30,000, ya kuma ce adadin yakan ninka a lokacin da fatake suka sauka.

Ta fuskar mulki, kowace unguwa tana da mai unguwa, wanda shi ne idon sarki da kunnensa a wurin. Shi ya san wanda aka haifa da wanda ya rasu, da baƙon da ya sauka da gidan da ya sauka. Shi ke sasanta rikicin iyakar gida da na magudanar ruwa kafin maganar ta kai gaban alƙali. Tare da shi akwai limamin unguwa da dattawa. A taƙaice dai, unguwa ƙaramar ƙasa ce mai shugabanta da dokokinta, mafi yawansu ba rubutattu ba, kuma kowa a cikinta ya san kowa har kakanninsa.

Zaure, Dakali da Dandali

Wurare uku ne suka riƙe zaman yau da kullum na unguwa. Na farko shi ne zaure, watau ɗakin da ke bakin gida, wanda ya raba cikin gida da waje. A nan maigida ke karɓar baƙinsa, a nan malami ke ba da karatun littattafai ga manya bayan sallar asuba, a nan kuma maɗinki ko baduku ke aikinsa yana koya wa yara. Baligin da ba muharrami ba iyakarsa zaure. Yaro kuwa ba shi da shamaki, yana shiga kowane gida da sallama, ko da aike ko da talla. Wannan 'yancin da yaro ke da shi abin lura ne ƙwarai, domin a kansa aka gina tashe.

Na biyu shi ne dakali da ƙofar gida. A nan magidanta ke shimfiɗa tabarma bayan la'asar ko bayan isha'i, kowa ya fito da akushinsa a ci ciyayya, a yi hirar kasuwa da ta duniya. A nan ake ɗaurin aure da raɗin suna da zaman makoki. Dattijon da ke zaune a dakali yana ganin shigar kowa da fitarsa, yana kuma da ikon tsawata wa kowane yaro, nasa da na maƙwabcinsa, bisa ga abin da Hausawa ke cewa ɗa na kowa ne.

Na uku shi ne dandali, watau filin da aka bari ba gini a tsakiyar gidaje. In farin wata ya fito, 'yan mata kan taru su yi gaɗa, samari su yi langa da kokawa, ƙananan yara kuma su koma gindin kakanninsu su sha tatsuniya. A dandali yaro ke koyon jera magana da ƙirƙirar waƙa nan take, da amshi, da jure ba'a ba tare da fushi ba. Ba wanda ya ɗauke shi makaranta, amma abin da ake koya cikinsa ba a samunsa a aji.

Ma'anar Tashe da Lokacinsa

Galibin manazarta sun tafi a kan cewa kalmar tashe ta samo asali ne daga tashi, watau tayar da mutane daga barci domin su yi sahur. Daga wannan aiki na zagaya gari da dare ana kiɗa da kira, wasa ya tsiro. Hausawa sun kasa watan azumi kashi uku: goma na marmari, goma na wuya, da goma na ɗokin salla. Ana fara tashe ne idan wata ya kwana goma, daidai lokacin da marmari ya gushe, jiki ya soma jin nauyin ibada. Saboda haka aikinsa na farko shi ne ɗebe wa mai azumi kewa da sa shi dariya.

Ba a gina wa tashe dandamali, ba a kuma sayar da tikiti. Yaran lungu ɗaya ne ke haɗa kansu, su zaɓi wanda ya fi su baki ya zama jagora, saura su zama 'yan amshi. Kayan wasa duk daga unguwa suke fitowa: auduga a yi gemu da ita, tsohuwar rigar uba, buzu da allo, karan dawa a yi doki, gawayi da toka a shafa a fuska, gwangwani a maimakon ganga. 'Yan mata kuwa sukan kifa ƙwarya a kan ruwa cikin wata babbar ƙwarya ko kwano su riƙa kaɗawa. Daga nan sai a bi gida gida. In an gama wasa, matan gida su ba da hatsi ko 'yan kuɗi, yara su yi addu'a su wuce gaba. A ƙarshen kwanakin akan raba abin da aka tara, ko a dafa abinci a ci tare.

Ya kamata a lura da wani abu a nan. A birnin da matan aure da yawa suke cikin kulle, tashe shi ne wasan kwaikwayon da ke bin 'yan kallonsa har tsakar gida. Matar da ba ta zuwa dandali, ba ta zama a dakali, ga shi an kawo mata hoton gari a gabanta, da malaminsa da bokansa da tsohonsa da amaryarsa. Ke nan abin da ya sa tashe ya yiwu shi ne yarda: uwar gida ta san yaran nan, ta san iyayensu, shi ya sa take barinsu su shigo da dare.

Abin da Wasannin Ke Faɗi

In aka dubi wasannin ɗaya bayan ɗaya, za a ga kowanne yana da wanda yake yi da shi. Akwai wasan da yaro ke shigar malami, da rawani da gemu da allo, 'yan amshi suna tuhumarsa da yin rawa, shi kuwa yana musantawa, amma da kiɗa ya yi daɗi sai ga shi yana taka rawar a gaban kowa. Dariya ake yi, amma darasin a fili yake, watau munin mutum ya hana abu da baki alhali yana aikata shi. A wasan Jatau Mai Magani, yaro kan ɗauko jakar saiwoyi da ganyaye yana lissafa magunguna da cututtukan da suke warkarwa. Ta nan yara ke haddace sunayen itatuwa, ana kuma yi wa masu tallar magani shaguɓe a kan cika baki. A wasan Mairama da Daudu, 'yan mata ne ke shigar miji da mata, ana jera wa amarya ladubban zaman aure. Macukule kuwa kwaikwayon Bagwari ne da yadda yake furta Hausa, wasa ne da ya tsaya a kan barkwancin da ke tsakanin ƙabilu maƙwabta.

Mafi shahara a Kano shi ne tashen gwauro, wanda manya ke yi. Gwauro shi ne wanda ya taɓa aure amma yanzu ba shi da mata, saɓanin tuzuru wanda ya isa aure bai taɓa yi ba. Shugaban wannan wasa yana da sarauta da fada ta san da ita, ana kiransa Nalako, Sarkin Gwagware. Shi da jama'arsa kan bi unguwanni da kasuwanni suna farautar gwagware. Wanda aka kama akan ɗaura masa igiya, a rataya masa kayan girki irin su ludayi da muciya, domin nuna cewa shi ke dafa wa kansa, a zagaya da shi ana kiɗa ana waƙa. Manufar ita ce a matsa wa mai sakin aure da wasa ya sake tunani, a kuma nuna cewa zama ba iyali ba abin so ba ne ga jama'a.

Daga waɗannan misalai za a gane cewa tashe wata kafa ce da al'ada ta buɗe domin na ƙasa ya faɗa wa na sama gaskiya ba tare da an kira shi marar kunya ba. Yaron da ba ya iya ɗaga ido ya dubi malaminsa wata goma sha ɗaya, a waɗannan darare an yarda ya kwaikwaye shi, malamin kuma ya yi dariya ya ba da sadaka. Amma kafar tana da iyaka, kuma dattawan dakali su ne masu tsaron iyakar. Yaron da ya zarce zuwa zagi ko cin mutunci, kafin ya isa gida labari ya riga shi.

Bikin Fada da Wasan Unguwa

Kano tana da manyan bukukuwa da suka fi tashe ƙawa nesa ba kusa ba. Akwai Hawan Salla, da Hawan Daushe wanda sarki ke zuwa Babban Ɗaki gaida mahaifiyarsa, da Hawan Nasarawa wanda ake kai ziyara gidan gwamnati. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Akwai kuma Takutaha, ranar da jama'a ke hawa Dutsen Dala mako guda bayan Mauludi. Bambancin da ke tsakani shi ne, a wurin hawa talaka ɗan kallo ne, doki da kayan doki da 'yan rakiya sai mai hali. A tashe kuwa ɗan talaka shi ne mai wasa, shi ne mawaƙi, shi ne mai tsara kaya. Hawa yana da fada da hukuma a bayansa, saboda haka ba a jin tsoron ɓacewarsa. Tashe ba shi da kowa sai unguwa.

Daga Lungu Zuwa Majigi da Talabijin

Bayan Turawan Ingila sun ci Kano cikin 1903, kuma jirgin ƙasa ya iso cikin 1911, sai gari ya fara fita bayan ganuwa. Aka kafa Sabon Gari domin baƙi daga kudu, Nasarawa da Bompai suka zama mazaunin Turawa, Fagge ta cika da 'yan kasuwa. Sababbin hanyoyin nishaɗi suka biyo baya. An buɗe gidan siliman Rex cikin 1937, a farkon shekarun 1950 kuma aka gina na Palace a cikin birni kusa da Kasuwar Kurmi, abin da ya jawo ƙorafin malamai ƙwarai. Daga baya rediyo da talabijin suka shiga gidaje, ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na samari suka yawaita a unguwanni da makarantu. Ɗaya daga cikinsu, Tumbin Giwa, ita ce ta fitar da Turmin Danya cikin 1990, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ya shiga kasuwa a Kano. Daga nan sana'ar da ake kira Kannywood ta tashi.

Wanda ya san tashe, in ya kalli wasannin ban dariya na talabijin da na bidiyo, zai ga tsofaffin fuskoki cikin sababbin tufafi: malamin da aikinsa ya saɓa wa maganarsa, bokan ƙarya, tsoho mai son auren yarinya, baƙauye a birni, baƙon da Hausa ba ta zauna a bakinsa ba. Haka nan salon jagora da 'yan amshi, da ƙirƙirar magana nan take ba tare da rubutu ba, duk gadon dandali ne. Ashe ke nan lungun unguwa ya daɗe yana horar da 'yan wasa kyauta, sana'ar da ta ciyar da dubban mutane ta sha daga wannan rijiya.

Sauyin Zamani da Abin da Ya Jawo

Tun daga 1967 da Kano ta zama babban birnin jiha, jama'a suka yi ta ƙaruwa. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum fiye da miliyan 9, birnin da kewayensa kuma ya mamaye ƙananan hukumomi 8. Wannan yawa ya taɓa wurare ukun nan da aka ambata. Zauruka da yawa an fasa su an mai da su kantuna, ko an yanka su a rabon gado. Sababbin gidaje ana gina su da doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, ba zaure ba dakali. Filayen wasa an yanka su fuloti, kududdufan da ke tara ruwan sama an cike su an yi gini, abin da ya ƙara ambaliya da damina. Har ganuwa kanta an cinye ta a wurare da dama. Ga kuma gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya kammala karɓe ikon gudanarwa daga hannun En'e, ya bar mai unguwa da nauyi mai yawa da iko kaɗan.

A sababbin unguwanni mutum kan shekara bai san sunan maƙwabcinsa ba. In haka ne, wace uwar gida za ta buɗe wa yaran da ba ta sani ba ƙofa da dare? Da gidaje suka rufe, sai tashe ya koma bakin titi da kasuwa, inda ba dattijon da zai tsawata. A nan ne wasu yara suka mai da shi bara tsagwaronta, ba shiga ba waƙa, 'yan daba kuma suka sami mafaka cikinsa suna ƙwace da ramuwar gayya. Wannan ya sa a wasu shekaru rundunar 'yan sanda ta jihar ta hana tashe ɗungurungum domin kare rayuka da dukiya.

Ba mai musun cewa tsaron rai yana gaba da wasa. Haka kuma akwai gyaran da tashe ke bukata ko da ba a sami 'yan daba ba: kwaikwayon wata ƙabila yana iya zama raini a garin da ya tara kowa, kuma tozarta gwauro yana iya faɗawa kan wanda talauci ko mutuwar mata ta sa shi zama haka. Sai dai hani shi kaɗai magani ne na zazzaɓi, bai taɓa ciwon da ya kawo shi ba. Ciwon kuwa shi ne raunin unguwa. Yaron da aka hana tashe ba a ba shi wani fili ba, yana nan dai a kan titin, sai dai yanzu ba ya cikin ƙungiyar da wani babba ya san da ita.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da shawarwari guda uku. Na farko, masu tsara gari su riƙa ware fili a kowace sabuwar unguwa, a rubuta shi da sunan jama'a yadda ba mai iya yanka shi, kamar yadda ake ware na masallaci da na makaranta. Na biyu, a maimakon hani na gaba ɗaya, a mayar da tashe hannun masu unguwanni da limamai da dattawa, kowace ƙungiyar yara a san jagoranta, a ƙayyade mata lokaci da iyakar lungunan da za ta bi, 'yan sanda kuma su fuskanci masu laifi su kaɗai. Na uku, ɗaliban harshe da adabi su shiga unguwanninsu su ɗauki wasannin daga bakin tsofaffin da suka yi su, maza da mata, tare da bayanin shiga da kayan kiɗa, a ajiye a jami'o'i da wurare irin su Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa.

Amma a sani cewa ajiya a ɗakin tarihi tana tsare waƙa ne kawai, ba ta tsare wasa. Tashe yana rayuwa ne muddin akwai yaran da suka tashi tare, da gidajen da suka yarda da su, da dattijon da ke zaune a ƙofar gida yana kallo. Wanda duk aka kawo wa takardar yanka filin unguwa domin ya sa hannu, ya kamata ya fara tambaya inda yaran wannan unguwa za su taru idan wata ya kwana goma.